Zanga-zangar Ruwan Ɗumi

Da jan fenti Preben ya rubuta a jikin kwalin, manyan baƙaƙe yadda ko mai raunin gani zai karanta daga tsallaken titi: MULKIN KAMA-KARYA YA ISHE MU. Laifin hukumar garin kuwa shi ne ta rage ɗumin ruwan wurin ninkaya, inda shi da sauran tsofaffin unguwa suke jiƙa ƙasusuwansu kowace safiya.

"Samun wuri ne kawai," in ji matarsa Bodil, tana shafa man shanu a yankan baƙin burodi. "Bara jirgin ƙasa ka saka a gaba, bana ruwa. Kai da ko layin asibiti ba ka taɓa bi ba, ina ka san kama-karya?"

"Da haka ake farawa. Yau ruwa, gobe bakinki za su ɗinke."

"Su fara da naka, mu huta."

Kwalin ya yi faɗi, sai mutum biyu za su iya riƙe shi. Preben ya hau bene ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa Tekle, abokin hirarsa, wanda ya daɗe a Danmak yana aiki a kantin magani. Preben bai taɓa tambayarsa abin da ya raba shi da ƙasarsu ba. A ganinsa hakan shi ne ladabi.

"A gaban ofishin magajin gari?" Tekle ya tambaya. "Haka nan, fuskokinmu a buɗe?"

"To da fuskar wa za mu je? Haba, mutumina. Ka zama ɗan ƙasa fa, kuma ɗan ƙasar nan ba ya cika sai ya iya ƙorafi. Ko tsoro kake ji?"

Tekle ya yi murmushin yaƙe, ya koma ciki ya ɗauko rigar sanyi.

A dandalin da ke gaban ofishin, tsofaffin sun fi kama da masu yawon shan iska. Wata ta zo da kek, wani yana zagawa da butar kofi. Ana yayyafi kaɗan-kaɗan. Preben ya riƙe gefen kwalin da hannu ɗaya, ɗayan yana naushin iska, yana kiran magajin gari azzalumi, matsoraci, wanda bai san zafin ciwon gwiwa ba. Wata ma'aikaciya ta leƙo ta taga ta ɗaga musu hannu.

Ana cikin haka wata 'yar sanda ta iso a kan keke. Yarinya ce ƙarama, ba za ta girmi jikar Preben ba. Ta jingine keken, ta nufo masu kwalin kai tsaye.

Preben ya ji ɗaya gefen kwalin ya faɗi. Da ya waiwaya sai ya ga Tekle durƙushe a kan jiƙaƙƙun duwatsu, hannuwansa biyu a ƙeya, kansa a sunkuye. Bakinsa na maimaita wasu kalmomi cikin harshen da Preben bai taɓa jin ya yi ba.

Kowa ya tsaya da kofinsa a hannu.

"Baba, lafiya?" in ji 'yar sandan. Ta cire hularta ta tsuguna a gabansa. "In kira motar asibiti? Ni fa cewa kawai zan yi ku ɗan matsa, kun tare hanyar kekuna."

Sai da aka ɗauki lokaci kafin Tekle ya sauke hannuwansa. Ya miƙe a hankali, gwiwoyin wandonsa sun jiƙe sharkaf, ya kasa kallon kowa. Preben ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Shi ya jawo mutumin nan, har da zolaya.

Suka bar taron, suka kama hanyar gida a ƙafa. Sun wuce gidan burodi, sun wuce makarantar yara.

"Ka yi haƙuri," Tekle ya ce daga baya. "Na ɓata muku taro."

Da ma marinsa ya yi, da ya fi wa Preben sauƙi.

"Na san ba abin da 'yar sandan za ta yi mini. Kaina ya sani sarai, gwiwoyin ne ba su sani ba. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu." Tekle ya ci gaba. "Tare da ƙanena muka riƙe namu kwalin a ƙasarmu. Cewa muka yi a buɗe mana makaranta. Aka kama mu. Ni an sako ni. Shi kuwa har mahaifiyarmu ta rasu tana bin ofisoshi tana tambaya."

Suka ci gaba da tafiya har gida.

Ba a yi mako ba hukumar ta mayar da ɗumin ruwan. Tsofaffin suka yi ta kiran Preben a waya suna yi masa kirari, suna cewa da ba don shi ba da sanyi ya kashe su. Ya ce wa Bodil ta gaya musu ba ya nan.

Da yammacin ranar ya hau bene. Ya daɗe tsaye kafin ya ƙwanƙwasa.

"Ban zo da wani kwali ba," ya ce da aka buɗe. "Abu ɗaya nake so in sani, in ba za ka damu ba. Ƙanen nan naka, yaya sunansa?"

Tekle ya dube shi na ɗan lokaci. Sannan ya leƙa matakalar, sama da ƙasa, ya tabbatar ba kowa, ya matso kusa da kunnen Preben kafin ya faɗa.