Bokolo a Tsakanin Taurari

Shekarar da Abdulhamidu ya karye a ƙafa, damina ta sauka da wuri a Tambuwal. Manoma suka yi shuka, garken shanunsa ya tashi zuwa dajin Kebbe kamar yadda aka saba, ɗansa Mutawakkil a gaba. Shi kuwa aka kawo shi gidan 'yarsa Hadijatu cikin gari, aka shimfiɗa masa tabarma a rumfa. Mai ɗori ya ce kada ya taka ƙafar sai ƙashi ya kama, in ba haka ba ya gurgunce ke nan.

Tsohon bai ji ba. Ya aika wa Ɗan'iya mai babur cewa ya zo ran Laraba ya kai shi Kebbe. Hadijatu ta yi roƙo har da hawaye, ya ce shanu ba su gama sanin muryar Mutawakkil ba.

Jikarsa Kausar tana gida, an yi musu hutu a makarantarsu ta Sakkwato. Kullum in ta gama aikin safe takan zauna a bakin rumfar da kwamfutarta, fuskarta na canza launi da hasken gilashin.

"Amarya," in ji tsohon wata hantsi, "mi kika kallo cikin faifan ga tun safe? Ko wani saurayi na, za ki bar ni don na karye?"

"Wa ka zama da gurgun miji? Fatauci nika yi, tsoho. Ɗago kai ka gani."

Ta juyo masa kwamfutar. Ya ga baƙi wuluk, taurari a warwatse kamar an zubar da gero a kan baƙin zane. Can gefe wata duniya ja tana juyawa a hankali, da zobe a wuyanta. Kausar ta yi masa bayani: wasa ne, tana da kumbunan sararin samaniya biyar, tana sayen ƙanƙara da ƙarfe a wata tasha ta kai wata ta sayar. Babu mai ce mata ga inda za ta. A hanya akwai 'yan fashi, su ma cikin kumbunansu.

Ya daɗe yana kallon kumbunan suna tafiya a jere, babu ƙara, babu ƙura.

"Miye sunansu?"

"Ba su da suna. Lamba gare su."

"Subhanallahi. Kina tahiya da dabba ba ki san sunanta ba?"

Kafin azahar duk sun samu suna. Wadda take gaba Fara ce. Mai ɗigo-ɗigo a ciki Zabuwa. Wata babba mai nauyin tafiya, wadda ba ta da bindiga ko ɗaya, ya ce Bokolo ce, tun da ba ta da ƙaho.

Da Kausar ta kai hannu za ta rufe kwamfutar, sai ya buga tabarma.

"Ke! Cikin daji za ki bar su?"

"Tsoho, in na kashe tsayawa suka yi. Ba abin da ka taɓa su."

"Ke kika faɗi. Kai su masauki tukuna."

Haka ta kai su tasha ɗaya bayan ɗaya, yana kiran sunan kowacce tana shiga, sannan ya yarda aka rufe.

Daga ranar, tafiya ta zama tasu su biyu. Ita ke tuƙi, shi ke faɗin hanya, kuma fataucin ya lalace. Ya hana a sayar da ko ɗaya don a sayi ta yaƙi. Duk tashar da suka isa sai ya sa an tsaya daga nesa kaɗan, wai ba a faɗa wa mutane ba sallama. In gajimare ya haɗu a gabas iska ta fara kaɗa rumfar, yakan lumshe ido, taurarin gilashin su gauraye masa da fararen shanu suna ketare fadama, ruwa har ƙirji, ƙahonninsu na ƙyalli. Wani lokaci yakan yi musu kira can ƙasa-ƙasa, irin kiran da ake yi wa garke da yamma. Hadijatu tana jinsa daga madafa. Amma duk safiya yakan tambaya ko yau wace rana ce.

Ran Litinin 'yan fashi suka tare su kusa da wani tauraro mai launin toka. Kausar ta yi ta harbi, tana cije leɓe, har suka gudu. Sai dai sun fasa wa Bokolo inji ɗaya. Tana tafiya a karkace, hayaƙi na bin ta kamar zare.

"Shi ke nan," in ji Kausar. "A bar ta nan. Ta zama tarkace."

"Ba a bari."

"Za ta ja mu baya, angona. Ga ta da nauyi awa kai."

"Rage gudu. A bi ta yadda taka iyawa."

Ta rage. Yinin Talata duka suna rarrafe a cikin wani jan hazo mai kama da faɗuwar rana a kan gulbi. Ga kyau kamar kada a fita, amma tafiyar ta yi sanyi, kuma 'yan fashin suka sake cim musu. A wannan karon Zabuwa suka samu. Ta buɗe kamar fure, ba sauti, gutsattsarinta suka watse cikin taurari.

Abdulhamidu ya yi salati. Bai ci tuwon rana ba sosai.

Ran Laraba da hantsi suka hango wata 'yar tasha a jikin wani dutse mai shawagi, fitilunta rawaya kamar na ƙauye.

"Akwai mutane nan?" ya tambaya.

"Akwai. Har gyara suka yi, amma shina ɗaukar lokaci."

"To shiga da ita. Ni na yi kuskure shekaranjiya. In saniya ta karye ga tahiya, ba a yasar da ita, ba a kuma jan ta. Gidan amini aka nema cikin manoma, a ba shi amanarta, shi ba ta dusa da ruwa. In garke ya juyo da kaka a biyo a ɗauke ta. Haka munka yi a Jabo shekarar da…"

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka a kan ƙafarsa, ɗaure da karare da tsumma, miƙe a kan matashin da Hadijatu ta sa masa. Kausar ta buɗe baki za ta yi tsiya, sai ta fasa. Ta shigar da Bokolo tashar a hankali, ƙofa ta rufe a bayanta.

A waje babur ya tsaya, aka yi sallama.

"Baba, na iso!" in ji Ɗan'iya daga zaure. "Mu kama hanya kahin hadari shi taso."

Hadijatu ta fito daga madafa da ludayi a hannu, ta tsaya cak.

Ɗan'iya ya sake sallama. Sannan tsohon ya ce, "Hadijatu, auno kanwa ki ba shi shi kai ma Mutawakkil. A ce mishi kada shi shayar da su ga tabkin nan na bakin hanya, tsutsa gare shi. A ce ina nan wurinki sai sun juyo."

Hadijatu ta juya da sauri ta shige ɗaki, tana goge ido da bakin mayafi.

"To, amarya," ya ce, yana gyara zama. "Hito da sauran. Fara ta shiga gaba."