Ciyawar Ruwan Zartsi

Aikin Dakta kashe ciyawa ne, haka mahaifiyarta take gaya wa baƙi. "Ta yi karatu har mun gaji da jira, ta dawo tana zuba wa ciyawa gishiri."

Inna ba ta yi ƙarya ba. A rumfar gwaji da ke bayan cibiyar binciken noma, Dakta tana da farantan roba jere a kan tebura, kowanne da irin ciyawar da ake dasawa a filin ƙwallo. Kullum da safe sai ta dama gishiri a jarka ta shayar da su, tana ƙara shi kaɗan-kaɗan, ta ga wadda za ta jure. Rijiyar burtsatsen babban filin wasa na garin ce ta koma zartsi, duk abin da aka dasa a can sai ya ƙone, shi ne hukumar filin ta nemi taimako.

Leburorin rumfar sun raɗa wa ciyayin suna. Mai laushin nan kore shar da aka kawo daga waje ita ce Amarya. Wata kuma mai kaushi, mai launi kamar koɗaɗɗen zane, wadda ke rarrafowa waje daga farantinta, suka ce 'Yar-dako.

Amarya ce ta fara faɗuwa. Bakin ganyenta ya yi ja, gishiri ya fito fari a kan ƙasar. Sauran suka bi ta. 'Yar-dako ta ɗan yi yaushi, amma ta tsaya.

Da manajan filin ya zo ganin sakamako, sai ya shafa 'Yar-dako, ya janye hannu.

"Dakta, wannan ai ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci."

"Ba don ci muka nemo ta ba, ranka ya daɗe. Ita ce za ta rayu a ruwanku."

"Na ji. Amma na sama da ni a talabijin suke kallon filin. Kuma sun riga sun yi odar waccan mai laushin."

"Ba za ta kai ƙarshen rani ba."

"To, Allah ya kai mu ranin," in ji shi, yana murza idanu.

Ba a daɗe ba aka ce aikin ya ƙare, ta kwashe kayanta, masu binciken tumatir suna bukatar rumfar. Aka zubar da farantan a bola. Ta tsame kaɗan na 'Yar-dako ta sa a but ɗin mota, ba don tana da wani shiri ba, hannunta ne ya kasa jefarwa. A gida Inna ta gaji da tuntuɓe da su, ta juye su a gefen wurin wanki. Ciyawar ta kama, ta bazu har bakin katanga. Nan Inna ta mayar da kujerarta, tana cire takalmi ta ɗora kumburarrun ƙafafunta a kai.

Rani na tsakiya manajan ya yi sallama a ƙofar gida. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce filin ya zama ja wur, an ɗage wasanni, 'yan jarida sun sa shi a gaba. A cibiya aka yi masa kwatancen gidan.

Dakta ta sha raya wannan rana a zuciyarta, har ta tanadi abin da za ta faɗa masa. Da ta gan shi zaune yana jujjuya kofin ruwa, sai ta ji ba ta da ƙarfin faɗa. Ta kai shi tsakar gida, wurin wankin.

"Iyakarta ke nan?" ya tambaya.

"Ita ke nan. Sai an yi renonta an rarraba, a sake rarrabawa. Kafin ta rufe filinku, a ƙalla shekara."

"Kafin nan an sauya ni." Ya sunkuya ya shafa ciyawar. "Ba ni dai. Wanda ya gaje ni ya samu."

Direbansa ya kawo buhuna, Dakta ta ɗauko shebur. Suna yanka suna naɗewa, Inna ta fito ta tsaya a kansu.

"Sannu da zuwa, ɗan nan. Da kun ce ba ta da kyau, yanzu kuma har gida?"

"A yi haƙuri, Mama."

"Ke kuma, ina zan sa ƙafata?"

"Zan bar miki gefen kujera, Inna. Za ta sake yaɗuwa."

"In ina raye."

Da motar ta tafi, Dakta ta zauna a bakin rariya, bayanta na ciwo, laka har gwiwar hannu. Tsakar gidan ta koma jar ƙasa. Inna ta ja kujera zuwa ɗan abin da ya rage, ta cire takalmi, sannan ta ce mata in ta huta ta ɗora ruwan shayi.