Jirgi Ya Ratsa Ɗakin Tsuruta

"Ku karkata shi mana! Za ku ɓalle mini dutse!" Tsoho Tsuruta ne ke faɗa daga shimfiɗarsa, da robar iska a hanci.

Harue maƙwabciyarsa ta riƙe gefen wani faffaɗan katako, Kuwabara mai gyaran keke ya riƙe ɗaya gefen, suna kokawa da ƙofa. A ƙungiyarsu ta masu jirgin ƙasa na wasa kowa da katakon da yake ƙawatawa, wani gona, wani gada. Ranar bikin kaka sukan harhaɗa su a zauren unguwa, layin dogo ya zagaye, ɗan jirgin wasa ya bi ta kai. Bana likita ya ce Tsuruta ba zai ga bikin ba. Harue ta ce to, bikin ne zai zo ya same shi.

Suka ciccire ƙofofin takarda da ke raba ɗakunan. Layi ya taso daga falo, ya gifta ta bakin kicin, ya shigo har gefen matashinsa. Nan aka ɗora nasa katakon: tashar ƙauyensu, wanda ruwan madatsa ya shanye tun yana saurayi.

Aka kunna. Jirgi ya zo mahaɗa, ya kife.

"Kuwabara, hannu gare ka ko itacen girki?"

"Baba, daɓenka ne a karkace!"

"Kawo nan, ragon banza."

Tsuruta ya kama ƙarafan layin biyu, ya kasa haɗa su. Harue ba ta karɓe masa ba, ta dai tallafi tsintsiyar hannunsa har ƙarfen ya shige ɗan'uwansa. Jirgi ya haye sumul.

"Harue, tsayar da shi a tasha," in ji shi. "Kullum sai ya jira mahaifiyata. Ba ta taɓa zuwa kan lokaci ba."

Ta tsayar. Fumie matarsa ta tsaya cak da butar shayi a hannu.

Can Tsuruta ya yi murmushi. "To, ta shiga. A tafi."

Ganyen bishiyoyi bai gama yin jan kaka ba Tsuruta ya rasu, da hantsi, Fumie na shanya a baranda.

Bayan an watse daga makoki, Harue ta kai mata miya mai zafi. Ta tarar an mayar da ƙofofi, an naɗe shimfiɗa. Ƙafafun katakan sun bar 'yan ramuka a kan tabarma, jere, tun daga falo har ƙuryar ɗaki. Fumie na shara a hankali, tana kewaye su.