Auduga a Ƙararrawar Tattabara

Wani dare ina kwance na ji wata ƙara a kan rufin ɗakina, siririya, kamar ana kaɗa cokali a bakin kofi can nesa. Ta yi shiru, ta dawo. Na taɓa matata, ta ce in bar ta ta yi barci, ni kullum da abin da nake ji.

Da safe na sa tsani na hau. Tattabara ce fara, gashi ya rufe mata ƙafafu har yatsu kamar ta sa safa, an ɗaura mata 'yar ƙararrawa a ƙafar hagu. Fiffikenta ɗaya ya ɗan sauka. Ban taɓa ganin irinta ba. Ni kuwa duk abin da bai yi kama da 'yan'uwansa ba shi ke ɗauke mini hankali. A tagata akwai dutse mai huda a tsakiya, da makulli mai baki biyu.

Na san mai ita. Maƙwabcinmu mai gyaran takalma ne kaɗai ke kiwon tattabaru a layinmu. Shekara shida ina gayyatarsa taron addu'a da muke yi a gidana ran Laraba, kullum sai ya yi dariya ya ce, "Baba, ina kallonku tukuna."

Na ce zan riƙe ta kwana ɗaya fiffiken ya warke. Na kifa mata kwando a ƙarƙashin gado. Na samo auduga na cusa cikin ƙararrawar da tsinke, ina gaya wa kaina don kada ta dami matata ne.

Kwana ɗaya ya zama huɗu. Idan matata ta fita, sai in ɗaga kwandon in zauna ina kallon ƙafafun nan.

Ran Talata maƙwabcin nawa ya tare ni a ƙofa. "Baba, ba ka ga farar nan tawa ba? Ƙwanta biyu sun yi sanyi, mijinta ya ƙi cin hatsi."

Na ce, "Allah ya bayyana ta." Da na ga idonsa ya yi ja, sai na ji bakina yana cewa, "Bari in yi maka addu'a." Ya cire hula, na ɗora masa hannu a kafaɗa na yi.

Ran Laraba da yamma sai ga shi. Ya zauna a ƙarshen benci, hannunsa na warin gam. Ya ce, "Jiya da ka yi addu'ar nan na ji sanyi a raina. Na ce bari in leƙo." Matata ta miƙa masa littafin waƙoƙi da hannu biyu, bakinta ya ƙi rufuwa.

Mun sunkuyar da kai kowa yana addu'a a ransa, sai aka ji kuka daga ƙuryar ɗaki, ƙasa-ƙasa. Maƙwabcina ya ɗaga kai. Ya yi wata 'yar ƙara da harshensa, irin wadda yake yi in zai watsa wa tattabarunsa hatsi. Kwando ya goga ƙasa. Labule ya motsa, ta fito tana taku, ƙararrawa na lilo a ƙafarta ba sauti.

Wata 'yar'uwa ta ce, "An amsa addu'a."

Matata ba ta ce amin ba. Ni take kallo.

Ya ɗauki tsuntsuwar, ya shafa bayanta, ya girgiza ƙafar. Shiru. Ya zaro basilla daga aljihu, ya zaƙulo audugar a hankali, ya ajiye ta a kan benci kusa da littafin waƙoƙin. Ya sake girgizawa, ƙarar nan ta daren farko ta cika ɗakin. Na rasa inda zan sa idona, na sa shi a kan takalmina, wanda shi ya ɗinke mini.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "To, Baba, ita kam ta ɓata ta shigo, na yarda. Audugar fa, wa ya sa mata?"