Arewa Biyu

"Shi ke nan, kin sake kashe mu," in ji Baba Kyaftin, yana dukan kujera da hannunsa mai lafiya. "Inna, fito ki yi mana ta'aziyya."

A allon kwamfuta, kumbon 'yan sama jannati ya kauce wa titin sauka ya yi dama, ya kifa cikin ciyawa. Maƙwabciyarsu mai ɗinki ta saki sandar tuƙin, ta goge gumin tafinta a zani.

"Baba, wallahi digiri ɗari da hamsin na bi. Ba kai ka ce lamba goma sha biyar da ke bakin titin ɗari da hamsin take nufi ba?"

"Ni na ce."

"To me ya kai mu jeji?"

"Hannun tela ne. Kin saba karkata wuyan riga."

Inna, matarsa, ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Kai da ka ƙare ƙuruciyarka kana koya wa mutane tuƙin jirgi, ka rasa wanda za ka takura wa sai 'yar mutane?"

Ƙofar mai ɗinki da tasu suna kallon juna ne a saman bene. Can baya, da mijinta ya rasu, ta ja labule, ta rufe keken ɗinkinta da tsohon zani, ta daina amsa sallama. Masu kawo ɗinki suka gaji suka koma wani wuri. Ta rame har zoben hannunta ya fara zamewa, kuma ita kanta ta san in ta ci gaba a haka ɗakin nan ne zai cinye ta. Sanin bai sa ta tashi ba.

Wata safiya Inna ta yi ta buga ƙofa har sai da aka buɗe, ta ce Baba na kira. Ba a ƙin kiran babba. Ta same shi gaban kwamfutar da ɗansa ya haɗa masa bayan ɓarin jikinsa na dama ya shanye, da wasan koyon tuƙin kumbo a ciki.

"'Yata, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," ya ce. "Wannan abin in zai sauko daga sama ba shi da inji. In ka kuskure titi, babu zagayowa. Ina so in ga an sauke shi lafiya kafin in bar duniya. Ara mini hannuwanki."

Ta zauna don kunya kawai. Amma mace ce da ba ta son abu ya gagare ta, kuma kumbon nan ya gagare ta. Kullum sai ta saita shi daidai da lambar da aka ce, kullum sai ya sulale dama. Haushi ya sa ta dawo washegari, ya sa ta sake dawowa. Zuwa gidan mutane kuwa sai da wanka. Inna ba ta barin ta fita sai ta ga ƙasan kwano. A matattakala maƙwabta suka koma gaishe ta, har wata ta cusa mata wandon ɗanta da ya yage a gwiwa, ta ce ba ta karɓar uzuri. Ranar da ta yaye zanin kan keken, sai da ta sa masa mai kafin ya yarda ya juya.

Damina na ƙarewa jikin Baba ya rikice. Aka dawo da gadonsa falo kusa da taga. Likita ya zo ya duba shi, ya ja ɗansa baranda suka yi magana ƙasa-ƙasa, daga nan ba a ƙara maganar asibiti ba.

Wata rana da hantsi ya ɗaga mata yatsa. "Direba, kunna mana."

"Baba, ka huta."

"Hutu na nan tafe mai yawa. Kunna."

Ta kunna, ta juyo allon yadda zai gani daga kan filo. Muryarsa ta yi siriri, sai da ta matso da kujera.

"Arewa biyu ce," ya ce. "Akwai ta gaskiya, wadda ke kan taswira, ba ta motsi. Akwai wadda allurar kamfas ke nunawa, ta maganaɗisu, ita kuwa tana ɗan karkace. Lambar da ke bakin titi da ta kamfas aka rubuta ta. Allon nan kuma da ta gaskiya yake lissafi. A filin nan digiri bakwai ne tsakaninsu. Cire bakwai."

Ta bi ɗari da arba'in da uku. Kumbon ya huda gajimare, titin ya bayyana, ya tsaya cak a tsakiyar allon bai gusa ba. Tayoyi suka taɓa ƙasa, suka gangara a kan farin layi har suka tsaya. Ta yi ihu kamar yarinya, Inna ta fito a guje tana salati.

Sai ta katse murnar. Ta juyo ta dube shi.

"Baba, yaushe ka gano wannan?"

"Tun ba a haife ki ba. Shi ne darasin farko da nake ba ɗalibaina."

"Ka bar ni wata da watanni ina faɗawa ciyawa, kana cewa hannuna ne?"

"Da na gaya miki ranar farko, da kin sauke shi, kin ce mini sai an jima, kin koma kin ja labule." Ya numfasa. "Yanzu kuwa na ji kekenki yana hana ni barcin rana. Na gama aikina."

Inna ta kau da kai tana gyara mayafi, alamar cewa da ita aka ƙulla abin. Mai ɗinki ta durƙusa a bakin gadon, ta kama hannunsa da ya shanye ta riƙe da nata biyu. Ta so ta yi masa faɗa, godiya ta fi ƙarfinta.

"Allah ya saka maka da alheri, Baba," ta ce, hawaye na zuba. "Ka yi mini abin da uba ke yi."

"Amin. Amma fa wuyan rigarki a karkace yake, wannan ba ƙarya na yi ba."

Bai ƙara neman a kunna ba. Kwanaki kaɗan bayan haka ya cika da safe, Inna na riƙe da kofin shayin da bai sha ba.

Aka yi zaman makoki, jama'a suka watse, ɗansa ya koma wurin aikinsa. Ƙofar Inna ta rufe. Mai ɗinki ta kasa kunne ta ji ba motsin tukunya, ba rediyo, kwanon abincin da ta ajiye mata a bakin ƙofa kuma yana nan yadda ta bar shi. Ta san wannan shirun, ta san inda yake kai mutum.

Ta tsallaka ta yi ta buga ƙofa har aka buɗe. Inna ta tsaya da kumburarrun idanu, ɗankwali a karkace.

"Inna, ki taimake ni. Idona ya fara ba ni matsala, na kasa zura zare a allura, ga ɗinkin mutane ya taru."

Inna ta dube ta. "Ke da idonki ke hango titi daga cikin gajimare?"

"Wallahi allura daban ce, Inna."

Tsohuwar ta ja tsaki, ta nemo tabaraunta da silifas. Suka zauna a baranda inda rana ta faɗo. Inna ta lashi bakin zaren, ta ɗaga allurar sama, ta kuskure, ta sake lasa. Mai ɗinki ta naɗe hannuwanta a cinya tana jira.