Rawayar da Dogo Ya Sata

Shekara shida Yaya mai rini ta yi tana dafa furanni a bayan ɗakinta, har farcenta ya rine, kafin ta samu rawayar da take so, mai kama da kwanduwar ƙwai, babu ɗigon sinadarin kanti a ciki. Duk abin da ta gwada sai ta rubuta a wani tsohon littafi.

Dogo, mijin ƙanwarta, shi ke kai mata kaya kasuwa. Makon da ta kwanta asibiti littafin ya yi ƙafa. Kafin ta miƙe, Dogo ya buɗe marina, yana gaya wa kowa basirarsa ce.

Da ta tare shi sai ya yi dariya. "Haba Yaya, fure ai na Allah ne. Ke kika halicce shi?"

Yaya ta juya ta koma gida. Akwai abu guda da ba ta taɓa rubutawa ba, don hannunta ya haddace shi: sai an jiƙa yadi a ruwan alif, farin dutsen nan da ake tace ruwa da shi, yini guda, in ba haka ba rinin ba ya kamawa. Ta ja bakinta, tana jira.

Bayan wata biyu wani mai otal ya ba Dogo aikin labule ɗari. Safiyar da ya kai kayan, sai ga Yaya da bokiti da sabulu, ta iske an baza labulayen a falo ana ta yabo.

Ta ce wa mai otal, "Ranka ya daɗe, a wanke ɗaya mana mu gani."

Dogo ya matso yana raɗa, "Yaya, don Allah ki rufa min asiri."

"Ni ka rufa min?"

Ta tsoma labulen ta cuɗa. Ruwa ya koma rawaya gaba ɗaya, yadi ya fito fari-fari kamar tsumma. Ta kwance ɗankwalinta, rinin hannunta, ta cuɗa a sabon ruwa. Ko gezau.

Mai otal ya sa aka watso wa Dogo kayansa waje, ya ba ta aikin nan take.

Ƙanwarta ta daina gaishe ta, ko a hanya suka haɗu sai ta kau da kai. Wannan kam ya yi wa Yaya zafi. Amma da dangi suka zo ba ta baki, ta ce ko gobe aka maimaita, bokitin nan za ta ɗauka.