Gangar Cikin Kwamfuta

Tun ranar da ƙunshin fayafayan kwamfutar nan ya zo daga gidan waya gabana ya faɗi, kuma ban ɓoye wa Loretta ba. Dariya ta yi mini, ta ce, "Malama Uwa, ke ko kaza aka ba ki kyauta sai kin kasa kunne kin ji ko tana tari."

Makarantarmu firamare ce ta kuɗi, a wani tsohon gida a Nassarawa GRA da Hajiya Tani ta gada daga mijinta, ta mayar da ɗakunan kwana ajujuwa. Ni ce mataimakiyarta, ni kuma ke koyar da addini. Loretta malamar kwamfuta ce, Kirista, 'yar Wusasa, Hausarta ta fi tawa daɗin ji. A ɗakin bayan makarantar take kwana tun bara, da rikicin gari ya ci ɗakin da take haya, ta tsira da kayan jikinta kawai. Bayan rikicin nan ne Hajiya ta sa aka toshe ƙofar baya da bulo, aka ƙara wa katanga tsawo. Dangin Loretta sun yi ta roƙon ta koma Zariya, ta ce ita a Kano aikinta yake da yaranta, babu inda za ta.

Kwamfutocinmu tsofaffi ne 'yan gwanjo, Windows ɗin da ke kansu kuwa na jabu ne da aka sayo a kasuwa. Cutar da ake kira bairos ta yi musu katutu. Yau wannan ta daskare, gobe waccan ta ƙi tashi, har ta kai Loretta na zana madannai a allo da alli tana koyarwa, alhali iyaye sun san akwai ɗakin kwamfuta. Shi ne ta zo wa Hajiya da maganar wani tsari da zai maye gurbin Windows, wai shi Linux.

"Hajiya, ba na kamfani ɗaya ba ne," in ji ta. "Mutane ne daga ko'ina suka haɗu suna gina shi. Cikinsa a buɗe yake, wanda ya iya yana iya dubawa ya gyara. Bairos ɗin da ke damunmu ba ya kama shi. Rubuta musu kawai na yi, suka aiko da fayafayan kyauta."

"Kyauta daga Turai?" na ce. "A garin nan?"

Ba a daɗe da gama rigimar allurar shan-inna ba, lokacin da kowace uwa ke tambayar dalilin da zai sa a biyo ta har gida da magani kyauta alhali na zazzaɓi sai ta saya. Ni nawa 'ya'yan duk an ɗiga musu, amma na san garin da nake.

Hajiya ta ce a fara gwadawa a kwamfutar ofishinta. Aka saka, kuma gaskiya abin ya yi. Kwamfutar da a da sai ka sha shayi kafin ta farka, ta koma tashi kamar yarinya. Abu ɗaya ne: duk sanda aka kunna ta, sai ta buga wata 'yar gajeriyar ganga kafin ta buɗe. Hajiya ta yi ta ƙyalƙyala dariya, ta ce to, ta yi mai kiɗa a ofis. Maganar ɗakin yara kuwa ta ce za ta yi shawara.

Tana cikin shawarar ne Loretta ta yi abin da ya jawo mana. Fayafayan sun fi ƙarfin bukatarmu, masu aikowa kuma sun ce a raba wa jama'a. Mu kuwa al'adarmu ce duk wanda ya yi fice a gwaji a ba shi ɗan abin da zai kai gida ya nuna, fensir ko ƙaramin littafi. Sai ta raba wa zakarun aji shida faifai ɗaiɗai a cikin kwalinsu, da zuciya ɗaya.

Ban taɓa lura da kwalin ba sai da Alhaji Bala ya ajiye shi a teburin Hajiya. Ɗan kasuwa ne daga Giginyu, mahaifin Fiddausi, wadda ke zuwa ta ɗaya a ajin kuma ba ta da zance sai na Anti Loretta. A jikin kwalin akwai hoton mutum uku sun yi da'ira sun riƙe juna, maza da mace a haɗe, kai babu ɗankwali, kafaɗu a waje. 

Alhaji Bala bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da na fi samun kwanciyar hankali. Ya ce babban ɗansa ya saka faifan a kwamfutar gida, sai ga ganga ta tashi a falonsa, shi ne ya fasa shi.

"Hajiya, ni tambayata ɗaya ce," ya ce. "Wanda ya biya kuɗin buga wannan, ya biya na jirgi har Kano, me yake nema a wajen 'ya'yanmu? Kuma me ya sa ta hannun wannan matar ya biyo?"

Loretta tana tsaye a gefensa. Bai dube ta ba, bai kuma kama sunanta ba har ya fita.

Sauran aikin direbobin da ke jiran yara a bakin ƙofa suka yi shi. Kafin tsakiyar mako wata maƙwabciyata a Tudun Wada ta tare ni tana tambaya, wai da gaske ne a makarantarmu ana raba wa yara faifan tsiraici? Mai dafa mana abinci ta zo daga Gama da nata labarin, wai gangar coci ce, duk yaron da ya ji ta haddarsa zubewa take. Na ce mata ta rufe mini baki. Sai kuma aka fara ganin wasu maza suna zama ƙarƙashin darbejiyar da ke tsallaken titi. Ba direbobi ba ne, don babu mota tare da su. Ba sa magana da kowa, ba sa kuma tashi sai an tashi makaranta. Sule maigadi, wanda kullum ƙofarsa a sake take, ya koma saka kwaɗo da rana tsaka.

Ranar Alhamis Hajiya ta kira mu ofis ta ce yau za a yanke magana. Loretta, wadda ta kawo abin da hannunta, ita ce ta fara roƙo.

"Hajiya, don Allah a bar shi. Na yarda in ci gaba da zane a allo. Na taɓa ganin yadda irin wannan zaman yake ƙarewa."

Na goya mata baya. Na ce a mayar da ta ofis ma yadda take, a bar ƙura ta lafa.

Amma Hajiya Tani mace ce da ba ta iya ganin abu mai kyau ta wuce, ba ta kuma son a ce wani ya tanƙwara ta. Ta juya zobenta, sannan ta fito da dabarar da take ganin ta fi ta kowa. Gobe Juma'a za a ƙone fayafayan a gaban iyaye, kowa ya gani ya huce. Guda ɗaya za a ɓoye. Ranar Asabar Loretta ta saka shi a duk kwamfutocin yara, ta yi masa kwalliya ya yi kama da tsohon, ta kashe gangar.

"Wa zai gane? Su iyayen da ba su san inda ake kunna ta ba?" in ji Hajiya.

"Hajiya, in an gane ba ƙofar gidanki za a zo ba," na ce, raina a ɓace.

Ta ce in daina mugun fata. Ta juya wajen Loretta ta ce, "Ko ba za ki iya ba ne, 'yata?" Wanda yake kwana a ɗakinka kyauta, ta yaya zai ce maka a'a? Loretta ta sunkuyar da kai ta ce za ta iya.

Aka yi ƙonar da safe a filin taro. Warin roba ya cika makaranta, yara suna toshe hanci. Alhaji Bala ya tsaya har wutar ta cinye, ya gyaɗa kai, ya yi wa Hajiya godiya. Mutanen gindin darbejiya suka ragu, amma ba su ƙare ba.

Ranar Asabar na je na taya Loretta zama, don ban iya barin ta ita kaɗai. Ta bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya. Ta sa musu hoton koren tudun nan da yara suka saba gani a fuskar Windows, ta mayar da komai inda idonsu ya san shi, ta kashe sautin. Ni da nake kallo ban ga bambanci ba. Tana kan ta ƙarshe aka ɗauke wuta, janareta kuma babu mai. Na tambaye ta ko ta gama. Ta ce tana jin ta gama. Lahadi wuta ba ta dawo ba.

Litinin aji shida ne ke da darasin kwamfuta a ƙarshe, dab da tashi. Na ƙirƙiri dalili na shiga na tsaya a baya. Yara suka zauna, suka danna. Koren tudu ya fito nan, ya fito can, babu wadda ta daskare. Na ga kafaɗun Loretta sun fara sauka.

Sai ta kusurwa, wadda aka ɗauke wuta ana kanta, ta buga gangarta.

Gajeriya ce ƙwarai, amma ɗakin shiru yake. Fiddausi ta miƙe tana tafi, fuskarta cike da murna.

"Anti! Ita ce! Irin ta gidanmu wadda Abba ya fasa! Ashe ba ta ƙone ba!"

Aji ya kaure da dariya. Wani ya kwaikwayi kiɗan a kan tebur, sauran suka ɗauka. Na buɗe baki zan ce kada kowa ya faɗa a gida, sai na kasa. Ni ce nake koya musu cewa ƙarya haramun ce, kuma na san ka ce wa aji guda su riƙe sirri daidai yake da ka ba mai shela. Tsoro ya kama ni irin wanda ban ji ba tun bara.

Aka kaɗa ƙararrawa. Suka kwasa a guje zuwa bakin ƙofa, suna buga kiɗan a jikin kulolin abincinsu. Ta taga na hango Sule yana cire kwaɗo, direbobi suna buɗe motoci, na kuma ga ɗaya daga cikin mutanen gindin darbejiya ya miƙe yana kakkaɓe rigarsa.

Loretta ta bi kwamfutocin ta kashe su duka yadda ya kamata, ta rufe kowace da ƙyallenta. Ta ciro makullin ɗakin kwamfuta da na ɗakin da take kwana ta sa mini a hannu. 

"Malama, ta ina zan fita?"

Na dubi wajen da bulon nan yake, inda ƙofar baya take a da. Makarantarmu yanzu ƙofa ɗaya gare ta.